Gadar ƙauyenmu da gurbin da ke ƙarƙashinta

A watan Janairu na je ƙauyenmu gaisuwar rasuwa, sai na tarar an kafa turakun ƙarfe masu jan fenti a gefe biyu na tsohuwar gadar da ke kan mayon da ya raba gari da gonaki. Ƙauyen yana gabas da Garwa, a arewacin Kamaru, a kan wata hanyar ƙasa da ta ɓalle daga babban titi, kuma mayon nan ɗaya ne daga cikin ƙananan rafukan da ke kai ruwansu Mayo Kebbi, wanda shi kuma ya taso daga Chadi ya zo ya haɗu da Binuwai kafin a iso Garwa. Mu Hausawan wannan yanki mun daɗe da aron kalmar mayo daga Fulatanci, har ba ma jin baƙuwa ce a bakinmu. Gadar ta tsufa ƙwarai, ƙarafunta sun leƙo daga cikin siminti, ɗaya daga cikin ƙafafunta ta karkace, kuma shekaru da dama ke nan direbobin manyan motocin auduga ba sa yarda su hau ta da cikakken kaya. Turakun nan alama ce ta cewa za a rushe ta a gina sabuwa.

Ina cikin waɗanda suka fi kowa murna da wannan labari, kuma na ga ya dace in faɗi haka tun da wuri. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin mayo a watan Agusta, ruwa ya shafe kan gada, ga mace mai naƙuda a bayan babur ana neman kai ta asibiti, ba zai yi jayayya da sabuwar gada ba. Mun ga yadda zirga-zirga ta rikice a Marwa lokacin da gadar Palar ta karye a daminar 2020, alhali can birni ne mai hanyoyi da yawa, mu kuwa hanyarmu guda ce. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne, kuma ya samo asali daga wata magana da wani matashi daga cikin masu awon ƙasa ya yi lokacin da na tambaye shi inda za su bi da motoci idan an rushe gadar. Ya nuna mini ƙasan mayon da hannu, ya ce aikin ba zai yi wuya ba, tunda nan babu komai sai yashi.

Ban ga laifinsa ba, domin abin da idonsa ya nuna masa ya faɗa. Mai gina gada a ƙasarmu da rani yake zuwa, tunda daga Nuwamba zuwa Afrilu ne kawai zai iya haƙa tushe ba tare da ruwa ya cike masa rami ba, kuma a wannan lokaci mayo yakan zama kamar titin yashi da shanu ke bi. Sai dai lokacin da ya fi dacewa da magini shi ne lokacin da rayuwar mayo ta fi shiga ƙunci. Da damina kifi da kwaɗi da guza suna warwatse a cikin fadama mai faɗi, ko an ɓata wani sashe suna da wurin gudu. Da rani kuwa duk abin da ya rage na wannan rayuwa yakan tattaru a wurare ƙalilan, wasu a cikin ɗan ruwan da bai ƙafe ba, wasu a ƙarƙashin laka, wasu a ramukan gaɓa. A mayonmu wurin da ya fi muhimmanci shi ne gurbin da ke ƙasa da gadar kaɗan, wanda ruwan da ke faɗowa daga tsakanin ƙafafunta ya ƙwaƙule shekara da shekaru har ya yi zurfin da ba ya bushewa ko a zafin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40.

Washegari na tafi wurin sarkin ruwan garin, dattijo ne abokin mahaifina, wanda ya gaji sarautar daga kakanninsa masunta da suka zo wannan ƙasa tun kafin a yi titin mota. Bayan mun gaisa na gaya masa maganar da yaron nan ya yi. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Ɗana, ɗauko mini sandata, mu je ka ga yashin." Muka sauka ta bayan gadar zuwa wani lungu inda laka ta bushe ta tsattsage, ya duƙa yana dubawa har ya sami wani ɗan rami da bai fi shigar yatsa ba, ya ce mini gaiwa ce a ciki. Na ce: "Baba, da ranta?" Ya ce da ranta mana, kuma in na ƙirga irin wannan rami daga nan zuwa gindin giyayyar can zan gaji.

Na san gaiwa tun ina yaro, amma a cikin miya na san ta. Kifi ce mai huhu, tana shaƙar iska kamar yadda muke shaƙa. Idan ruwa ya fara janyewa sai ta nutse cikin laka, ba da nisa sosai ba, ta naɗe jikinta, ta fitar da wani yauƙi da ke bushewa ya zame mata kamar kwasfa, ta bar ƙaramar kafa zuwa sama domin numfashi. Haka za ta kwanta wata da watanni ba ci ba sha, tana rayuwa da tsokar jikinta, kuma daga nan ne Hausawa suka samo zancen gaiwa mai cin jikinta. Ranar da ruwan farko ya jiƙa lakar sai ta farka ta fito. Motar tura ƙasa ba ta buƙatar fiye da wucewa ɗaya ta kan wannan lungu kafin ta murƙushe su duka, kuma direbanta ba zai taɓa sanin ya taka wani abu mai rai ba.

Daga nan muka zagaya bakin gurbin. Sarkin ruwa ya lissafa mini abin da ke ciki kamar mai lissafa iyalinsa: tarwaɗa, karfasa, kurungu, da kififiya da ke ɓuya cikin yashin ƙasan ruwa. Ya nuna mini sawun guza a kan laka, da ramin da ke ƙarƙashin saiwar wani ɓaure inda ya ce kada ke fakewa idan zafi ya yi tsanani. Da hantsi zalɓe da belbela suna tsaye a gefe, da yamma kuma garken Fulani yana sauka shan ruwa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne bayaninsa cewa kifin da ake kamawa a fadamar garin da kaka, wanda mata ke banda su kai kasuwa, yawancinsa daga wurare biyu yake fitowa, wato iyayen da suka yi rani a wannan gurbi, da waɗanda ke haurowa daga Mayo Kebbi idan ruwa ya haɗe. Shi ya sa tun zamanin kakansa ba a yarda a yi su a gurbin da rani sai rana guda da shi ya ayyana, kuma ko a ranar ba a kwashe shi tas.

Da na koma Garwa na zauna da wani abokina da ya yi shekaru yana aikin hanya, na roƙe shi ya gaya mini, ba tare da ɓoye-ɓoye ba, abin da ke faruwa da irin wannan gurbi idan ma'aikata suka sauka kusa da shi. Ya yi dariya ya ce abu na farko da za su yi shi ne jefa tiyon injin ban ruwa a ciki, saboda kwaɓa kankare da jiƙa hanya suna cin ruwa mai yawa, kuma babu ɗan kwangilar da zai sayi ruwan tanka daga nesa alhali ga na banza a gabansa. Cikin 'yan makonni gurbin zai koma taɓo. Abu na biyu shi ne wanke injin kwaɓa siminti da shebur da baro a bakin ruwa kowace yamma. Wannan shi ne wanda mutane ba su ɗauka da muhimmanci ba, kuma shi ya fi saurin kisa. Ruwan siminti yana da kaifi irin na toka mai ƙarfi. A ma'aunin da masana ke kira pH yakan kai 12 ko fiye, alhali ruwan rafi yana wajen 7. Duk wanda ya ga yadda siminti ke tsattsaga hannun birkila zai iya kwatanta abin da zai yi wa matatar numfashin kifi, musamman a ruwan da ba ya gudu balle ya tsarma dafin. Sai kuma baƙin mai da gas da ke ɗiga daga injuna, da ƙasar da ake turawa cikin mayo domin yin hanyar wucin gadi, da yashin gini da ake ɗiba daga gaɓa inda kada da kififiya ke binne ƙwai.

Ya ƙara da wani abu da ban yi tunaninsa ba, wato cikin ma'aikatan kansu. Mutum 30 ko 40 da aka ajiye a daji wata uku, kuɗin abinci bai taka kara ya karya ba, ga gurbi cike da kifi, ga guza tana yawo, ba sai an gaya wa kowa abin da zai biyo baya ba. A yankin da ake noman auduga kuma maganin ƙwari yana kowane gida, kuma ba yau aka fara jin labarin wanda ya zuba shi a ruwa domin ya kwashi kifi a sauƙaƙe ba. Wannan ɗabi'a ba ta baƙi kaɗai ba ce, akwai 'ya'yan gari da ke yin ta, kuma kifin da aka kashe da guba cikin mutane yake ƙarewa.

Duk waɗannan ɓarna ce ta shekara guda ko biyu, wadda mayo zai iya farfaɗowa daga gare ta idan aka yi sa'a. Wadda ba ta gyaruwa ita ce wadda ake ginawa cikin gadar kanta. A ƙananan rafuka sau da yawa ba gada mai ƙafafu ake yi ba, akwatunan kankare ake jerawa ruwa ya bi ta cikinsu, domin sun fi araha. Idan aka ɗora daɓen akwatin sama da ƙasan mayo, ko aka ƙuntata shi ya kasa faɗin mayon, ruwa yakan fito da ƙarfi ya ƙwaƙule ƙasar da ke gabansa, bayan damina biyu ko uku sai a sami tudu kamar matakala tsakanin bakin akwatin da ruwan ƙasa. Tarwaɗa tana da juriya, tana iya jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, amma karfasa da ƙananan kifaye ba za su haura wannan tudu ba, kuma ko sun haura, ruwan da ke gudu a kan sumul ɗin kankare ba shi da dutse ko lungu da za su huta a bayansa. Kifinmu kuwa da ruwan farko yake haurawa zuwa ciyawar da ambaliya ta rufe domin ya zuba ƙwai. Idan aka datse masa hanya, fadamar da ke sama da gada za ta cika da ruwa kamar kullum, mutane su yi ta jefa taru suna mamakin inda kifi ya tafi. Maganin abin kuma ba mai tsada ba ne idan an sa shi a zane tun farko: a nutsar da daɓen ƙasa da matakin mayo yadda yashi da tsakuwa za su rufe shi, a kuma bar faɗin da ruwa ya saba bi.

Mutanen yankin Arewa Mai Nisa na ƙasarmu sun riga mu ganin babban misalin wannan. Lokacin da aka gina madatsar Maga a 1979 domin noman shinkafa, tare da shingen da aka yi a gaɓar kogin Logone, ambaliyar da ke shiga filayen fadama da ake kira yayre kowace shekara ta ragu sosai, ciyawa ta canja, kifi ya yi ƙaranci, makiyaya da dabbobin gandun dajin Waza suka shiga wahala. Sai a 1994 aka sake buɗe wata mashigar ruwa da aka toshe, ruwa ya koma wani sashe na filin, kifi da tsuntsaye da shanu suka biyo shi. Shekara 15 ke nan tsakanin toshewa da buɗewa, kuma an buɗe ne saboda wuri ne da duniya ta sani. Mayonmu ba shi da suna a taswirar da manya ke dubawa, saboda haka ban ga wanda zai dawo ya fasa kankare domin karfasarmu ba.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Tun 1996 Kamaru take da dokar kula da muhalli da ta wajabta nazarin illar manyan ayyuka kafin a fara su, kuma wata dokar gwamnati ta 2013 ta tanadi taƙaitaccen bayani na illa ga ƙananan ayyuka, wanda ke bi ta hannun hukumar gunduma. A Garwa kuma muna da makarantar horar da ma'aikatan namun daji da aka buɗe a 1970, wadda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen Afirka da dama. Ilimin yana kusa da mu, takardun ma akwai su. Abin da na lura shi ne irin wannan takarda akan rubuta ta a ofis, da Faransanci, da jimloli na gama-gari da za su dace da kowane rafi a ƙasar, kuma wanda ya rubuta ta bai taɓa zama da mutum irin sarkin ruwanmu ba. Takarda za ta ce a kiyaye halittun ruwa, amma ba za ta ce kada a bi ta lungun da ke tsakanin gada da giyayya ba, domin marubucinta bai san akwai lungun ba.

Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, muka nemi jauro, wato mai garinmu, ya kira zama kafin injuna su iso. An yi zaman a ƙofar gidansa cikin watan Fabrairu, da liman, da sarkin ruwa, da wakilin makiyaya, da shugaban ma'aikatan da za su yi aikin. Ba a fara da daɗi ba. Wani ɗan'uwanmu ya miƙe ya ce shekara nawa muna roƙon gada, yanzu da Allah ya kawo ta sai a kori masu aiki saboda kwaɗi, kuma mutane da yawa suka yi dariya suna goyon bayansa. Ban ji haushinsa ba, domin tsoronsa na gaskiya ne: mun sha ganin aikin da aka fara aka watsar a kan dalilin da bai kai wannan ba. Wanda ya juya zaman shi ne wakilin makiyaya, wanda ya ce shi bai san zancen kwaɗi ba, amma idan aka zuƙe gurbin nan a watan Maris, a gaya masa inda zai shayar da shanunsa har ruwa ya sauka. Mata kuma suka aiko da saƙo cewa ramukan da suke tonawa a yashin mayo su ɗebi ruwan sha suna ƙasa da wurin da aka ce za a ajiye injuna. Liman ya tunatar da hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, bai tsawaita ba.

Shugaban ma'aikatan ya fi yadda na zata sauƙin kai. Ya ce wa jauro: "Ranka ya daɗe, abin da bai taɓa kuɗi da lokaci ba zan yi shi, wanda ya taɓa su kuwa ba a hannuna yake ba." A kan haka aka tsaya. Ya yarda a mayar da hanyar wucin gadi sama da gadar, inda yashi ne zalla, maimakon ƙasa ta kan lakar gaiwa. Ya yarda a haƙa rami nesa da gaɓa domin wanke kayan siminti, a ajiye gangunan mai a kan tudu, kuma ya hana yaransa farauta da kamun kifi a gurbin, sarkin ruwa kuwa ya ɗauki alkawarin sa 'ya'yansa su riƙa kawo musu kifi daga Mayo Kebbi a farashi mai sauƙi. Batun ruwan aiki ya fi wuya, aka daidaita a kan su haƙa rijiya a cikin yashi can ƙasa da gurbin su ja daga nan. Na san ruwan ƙarƙashin yashi da na gurbi dangin juna ne, kuma jan ɗaya yana iya rage ɗaya, amma ya fi a jefa tiyo kai tsaye. Game da zurfin daɓen, ya buɗe zanen ya nuna mana cewa akwatuna uku ne, ya ce zai kai maganar ga injiniyan da ke duba aikin, domin shi ba shi da ikon sauya ko taku ɗaya.

A kan kada ne muka rabu ba mu daidaita ba. Wasu suna so a yi amfani da zuwan ma'aikata a kashe shi, suna cewa ya taɓa ɗauke akuya, kuma yara suna wanka a wurin. Ba zan ce tsoronsu banza ne ba, ni ma ina da 'ya'ya, kuma ba na cikin masu zama a birni suna koya wa mutanen ƙauye son dabbar da ba su kwana kusa da ita ba. Ra'ayina dai shi ne a sanar da ma'aikatan gandun daji su zo su duba, idan ɗaukewa ta kama su ɗauke shi, domin kashe shi da hannunmu zai iya jawo wa gari shari'a. Sarkin ruwa kuwa ya ƙi duka biyun, ya ce gidansu da kadan gurbin nan akwai amana tun kakanni, kuma a iya saninsa bai taɓa taɓa mutum ba. Jauro ya ce a bar maganar sai wani zama.

Na sake komawa a ƙarshen Maris. An rushe tsohuwar gadar, kuma tare da ita sheƙunan laka na tsattsewa da ke manne a ƙarƙashinta sun tafi, haka ma jemagun da ke kwana a tsagoginta, waɗanda babu wanda ya tuna da su a zamanmu, har da ni. An sare maɗaci guda da ke bakin hanya saboda ya tare wa injin juyawa, ɓauren da giyayyar kuwa suna nan. Ruwan gurbin ya ja baya fiye da yadda ya saba a wannan wata, amma bai canja launi ba, kuma na ga karfasa tana motsi a gefe. Sarkin ruwa ya sa jikokinsa sun jera duwatsu sun shafa musu farar ƙasa, sun kewaye lungun gaiwa, kuma sawun taya bai tsallaka su ba sai a wuri ɗaya. Ramin tushen akwatunan yana buɗe, an shimfiɗa ƙarafa, ba a zuba kankare ba tukuna, kuma shugaban ma'aikatan ya ce har ranar injiniyan bai ba shi amsa ba. Na bar tsohon a zaune a bakin ramin da sandarsa, wadda ya yi wa tsaga a daidai matakin ƙasan mayo, yana jiran ranar zubin domin ya auna da kansa.